BABBAN GWANI: Maginin Zazzau Da Ya San Iyakar Ƙasa Da Giginya

A cikin mutanen da ƙasar Zazzau ta yi a ƙarni na 19, kaɗan ne sunansu ya yi nisan da sunan Babban Gwani ya yi, alhali kuwa mutumin nan bai hau gadon sarauta ba, bai kuma ja runduna zuwa fagen fama ba. Sana'arsa gini. Shi ne ya gina Masallacin Jumma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, masallacin da masana da yawa na gida da na ƙetare suka ɗauka shi ne ƙololuwar abin da ginin ƙasa na Hausa ya kai. Littattafai sun zo da sunansa iri biyu. Waɗansu sun kira shi Muhammadu Durugu, waɗansu kuwa Malam Mika'ilu. Amma laƙabin ya danne sunan yanka, har unguwar da ya zauna a cikin birni ta ɗauki laƙabin, ana ce da ita Babban Gwani.

A zamanin nan da muke ciki, a ma'aikatu da jami'o'i ana yawan maganar gini mai kiyaye muhalli, watau ginin da za a samo kayansa daga kusa, wanda yin kayan nan ba zai ci makamashi mai yawa ba, wanda zai yi sanyi da kansa ba sai an kunna masa inji ba, kuma in kwanansa ya ƙare ba zai bar wa ƙasa dattin da ba ya ruɓewa ba. Ɗalibin da ya fara gamuwa da waɗannan sharuɗɗa a littafin Turanci yana iya zaton baƙi ne. Wanda ya bi tarihin Babban Gwani zai tarar mutumin ya yi aiki da su tun shekara ɗari da tamanin da suka wuce, zai kuma ga abin da irin wannan gini yake bukata daga daji da gona da mutane kafin ya tsaya.

ZAMANIN DA YA TASO

Babban Gwani ya taso ne a lokacin da ƙasar Hausa take sake shiri. An fara jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1804. A ƙarshen 1808 birnin Zariya ya faɗa hannun masu jihadi, Sarki Makau ya yi kudu zuwa Zuba, Malam Musa ya zama sarki. Bayansa Yamusa ya hau a 1821, sa'an nan Abdulkarim. A 1809 aka kafa Sakkwato. Sabuwar daula kuwa tana bukatar masallatai na Jumma'a, da ɗakunan shari'a, da fadoji, da garuruwan ribaɗi a kan iyakoki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, mutum ne mai ƙarfafa kafa garuruwa da raya sana'o'i. Magini gwani ba zai rasa aiki a irin wannan zamani ba. Riwayar da aka gada a Zariya tana danganta laƙabin Babban Gwani da fadar Sakkwato, tana cewa can aka fara shaida gwanintarsa kafin a ba shi aikin masallacin Zazzau.

Gini a ƙasar Hausa sana'ar gado ce, kuma ba a tsallake mataki a cikinta. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da tattaka ƙasa. In ya yi ƙwari a koya masa mulmula tubali, sa'an nan ya tsaya a gindin katanga yana cilla wa maginin da ke zaune a bisanta tubali ɗaya-ɗaya, shi kuma yana cafewa yana jerawa. Sai ya shekara da shekaru a haka kafin a bar shi ya hau katanga. Iya tayar da katanga ba ya sa a kira mutum gwani. Gwani shi ne wanda ya iya rufin soro, musamman wanda ya iya ɗaure baka ta haye ɗaki mai faɗi ba ta faɗo ba. A kan dukkan magina na gari akwai Sarkin Magina, wanda yake tara su in aikin sarki ya taso, kamar gyaran ganuwa ko fada ko masallaci. A cikin irin wannan tsari ne aka ware mutum ɗaya aka ce shi ne babba a cikin gwanaye.

KAYAN AIKINSA

Mai son ya san abin da Babban Gwani ya yi aiki da shi ba sai ya je gidan ajiye kayan tarihi ba. In ya fita Zariya ya yi arewa zuwa Hunƙuyi da Kudan da Likoro, ko ya bi ta Maƙarfi da Gimi, ko ya ƙarasa Ikara da Paki, zai ga kayan nan a tsofaffin zauruka da katangun gidaje, zai kuma ga inda suke fitowa a gonaki da fadamun da ke kewaye da garuruwan. Ƙasar duka ɗaya ce ta Zazzau, sana'ar ma ɗaya ce. Abin da ya bambanta zauren mai unguwa a ƙauye da masallacin birni shi ne girma da kuma hannun da ya yi aikin.

Abu na farko jar ƙasa. Akan haƙo ta kusa da wurin ginin, a jiƙa ta, a tattaka da ƙafa, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta jiƙu, a sake tattakawa har ta yi danƙo. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Wutar da ke gasa tubalin Hausa ke nan, rana. Ba a sare ice ko ɗaya domin ƙona shi ba. Shi ya sa gini aikin rani ne, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da hannaye suka sami sarari kuma babu hadarin da zai narkar da abin da aka shanya. Katanga kuwa akan fara ta da kauri sosai a gindi, tana tafiya tana sirancewa, kowane sahu sai ya sha iska kafin a ɗora masa wani.

Kaurin nan yana da aiki biyu. Yana ɗaukar nauyin rufi, yana kuma tare zafi. A watan Maris da Afrilu ma'aunin zafi a wannan yanki yakan haura digiri 35 da rana, amma katanga mai kauri tana shan zafin ne sannu a hankali, kafin ya ratsa ta ya isa ciki rana ta yi sanyi. Da hunturu kuwa, lokacin da dare ke yin sanyi ƙwarai, ɗumin da ta tara da rana shi take saki a cikin ɗaki. Duk wanda ya taɓa baro ɗakin kwano da tsakar rana ya shiga soro ya san wannan a jikinsa, ko da bai taɓa jin sunan ilmin ba.

Abu na biyu giginya, wadda ke son fadama da bakin rafi. Kututturenta ake tsagawa a fitar da azara. Azara tana da nauyi da tauri, gara ba ta cika cinta ba, kuma takan daɗe ƙwarai a cikin ƙasa ba ta ruɓe ba. Sai dai giginya ba ta gaggawa. Wanda ya bar ta ta tsira a gonarsa da wuya ya zama shi ne zai tsaga ta. Sai ɗansa ko jikansa. Hausawa sun yi mata gori da cewa na nesa ka sha inuwarta, amma magini ya san ta fi haka kirki, domin inuwar da ta hana a gindinta ita take bayarwa a cikin soro shekara da shekaru.

Abu na uku shi ne abin da zai kare ginin daga ruwan sama, a nan ne kuma mai lura zai ga yadda sana'o'i suke riƙe da juna. Ɗorawa tana ba da gari, tana ba da kalwa a yi daddawa, ɓawon da ya rage kuma shi ake jiƙawa a sami makuba, a kwaɓa ƙasa da ruwanta a yi yaɓe ko daɓe mai tauri da duhun launi. Marini in ya kwashe katsi daga gindin rijiyar rini, akan shanya shi a ƙona a daka. Majemi in ya kankare fata yakan tara gashin awaki. A daji kuma akwai dafara, wadda ake dakawa a jiƙa ta ba da yauƙi. Katsi da gashi da dafara in aka haɗa su sun zama laso, simintin Hausa, wanda ake shafe rufi da shi. Ashe dattin marina da sharar majema su ne rigar ruwan soron sarki. Babban Gwani bai yi odar kome daga bakin teku ba, amma ya dogara ga manomi da marini da majemi da matar da ke dafa kalwa, ko sun sani ko ba su sani ba.

MATSALAR ƘAFA SHIDA

Duk gwanintar maginin Hausa ta taru ne a kan matsala ɗaya. Azara, duk da taurinta, in aka shimfiɗa ta aka ɗora mata ƙasar rufi, ba ta iya haye sararin da ya wuce kamar ƙafa shida, watau ƙasa kaɗan da mita biyu, ba ta lanƙwashe ba. Ƙasa kuma tana jure danni amma ba ta jure ja. To, yaya za a rufe ɗakin da jama'ar birni za su yi sahu a ciki?

Amsar ita ce baka, wadda ake kuma kira bakan gizo. Magini yakan dasa azara a jikin katanga ko ginshiƙi ta ɗan leƙo waje, ya ɗora wata a kanta ta leƙo fiye da ta farko, ya ɗaure su tam da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bar su su bushe, sa'an nan ya ƙara wani ɗauri yana karkata shi zuwa ciki. Haka ake yi daga ɗaya ɓangaren, har hannayen biyu su haɗu a sama. In bakuna suka taso daga kusurwoyi dabam-dabam suka gicciye a tsakiya, an sami ɗaurin guga, sunan da aka aro daga yadda ake ɗaure gugar rijiya. Sararin da ya rage tsakanin bakunan ya zama ƙanana, kowanne bai fi ƙarfin azara ba, sai a jera ta, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a shafe da laso. Injiniyan zamani da ya duba wannan zai gane shi nan take: azara tana yin aikin da rodi yake yi a cikin kankare, ƙasa tana ɗaukar danni, itace yana ɗaukar ja.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta ga Zazzau. Ruwan da ke sauka a Zariya da kewayenta a shekara yakan kai milimita dubu ko ya ɗara, ya fi na Kano, ya fi na Katsina nesa. Zazzau tana kusa da iyakar kudu ta inda rufin ƙasa ke iya rayuwa. In aka ƙara yin kudu sai jinka. Shimfiɗaɗɗen rufi yana riƙe ruwa, ruwa kuwa in ya kwana a kan soro ya sami hanya. Saboda haka maginin Zazzau ya fi karkata ga tulluwa, rufi mai tudu a tsakiya wanda ke kora ruwa nan da nan zuwa indararo, indararo kuma ya watsa shi nesa da gindin katanga. Abin da baƙo yake gani ado ne, a wurin magini dabarar tsira ce daga ruwan watan Agusta.

Babban Gwani ba shi ya ƙago baka ko tulluwa ba, ya tarar da su. Abin da ya yi shi ne ya kai su iyakar da za su iya kaiwa, ya kuma san inda iyakar take bai ƙetare ta ba.

MASALLACIN ZARIYA

Wajen shekarar 1836 aka ba shi aikin masallacin, a gefen filin da ke ƙofar fadar Sarki. Ba ɗaki ɗaya ya gina ba. Akwai babban ɗakin salla, akwai ɗakin shari'a haɗe da shi, akwai zaurukan shiga inda ake alwala, da haraba da katanga ta kewaye. Tsakiyar ɗakin sallar ya rufe ta da tulluwa shida, waɗanda suka zauna a kan bakuna masu tasowa daga manyan ginshiƙai da kuma jikin katanga. A wancan zamani, daga waje ginin ba shi da fankama, ba shi da doguwar hasumiya, in ba don tulluwoyin ba sai a ce babban gida ne. Sai mutum ya shiga ciki, idonsa ya saba da ɗan hasken da ke shigowa, sa'an nan zai ga bakuna suna tashi daga ƙasa suna rarrabuwa suna haɗuwa a sama kamar rassan manyan itatuwa.

Adon ginshiƙan ma da ƙasa ya yi shi, tun tana ɗanya, zane mai zurfi na layuka da da'irori da kusurwoyi, ba fenti ba madubi. Wanda ya saba da adon da ya yi yayi a fuskar gidajen attajirai a ƙarni na 20, mai launuka da hoton keke da agogo, zai ga na masallacin nan da kamun kai yake. Ya dace da mutanen da suka sa a yi shi, malamai ne da suka yi wa sarakunan da suka gabace su wa'azi a kan almubazzaranci.

Labarai sun taru a kan yadda ya yi aikin. Mafi shahara shi ne wai da dare yake gini, ma'aikata su tara masa ƙasa da tubali da azara da rana, in gari ya waye a tarar aiki ya ci gaba, har waɗansu suka ce da taimakon aljannu yake yi. Mai hankali zai fahimci abin da ke bayan wannan labari. Ɗaurin baka shi ne asirin sana'ar, masu sana'ar gado kuwa ba su cika son idon bare a kan asirinsu ba. Riwayar ta kuma ce an ba shi bayi masu yawa su taya shi aiki, wannan kuwa bai kamata a tsallake shi ba. Manyan gine-ginen wancan ƙarni, da ganuwa da fada da masallaci, sun tashi ne a kan wuyan bayi da talakawan da aka tara aikin gayya. Ginin ƙasa ba ya cin gawayi ko man fetur, amma yana cin gumi, kuma waɗanda suka zubar da gumin nan ba a riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

DAGA BAUCI ZUWA BIRNIN GWARI

Da masallacin ya tsaya, sunan maginin ya bazu a daula, sarakuna suka riƙa neman a aiko musu da shi. Ana danganta masa waɗansu sassa na fadar Kano da ta Bauci. Aikin da aka fi tabbatar masa a wajen Zazzau shi ne gidan Madakin Bauci a Kafin Madaki, arewa da birnin Bauci a kan hanyar Ningi, wanda aka gina a 1860, zamanin Sarkin Bauci Ibrahim ɗan Yakubu, lokacin da Ningawa suke matsa wa iyakokin Bauci da Kano da Zazzau. Tsakanin masallacin Zariya da wannan gida akwai shekara ashirin da 'yan kai, watau aikin dattijo ne wanda hannunsa ya gama faɗawa. Babban soron gidan ma da laƙabinsa ake kiransa.

Ƙarshen rayuwarsa, bisa ga riwayar da ta shahara, a Birnin Gwari ya zo. An ce ya gina wa sarkin garin masallaci, da sarkin ya ga kyansa sai ya sa aka kashe maginin don kada ya je ya gina wa wani wanda ya fi shi. Masu karatun Larabci za su tuna da Sinimmar, wanda aka ce ya gina wa Sarki Nu'umanu na Hira fadar Khawarnak, aka saka masa da jefo shi daga bisanta. Irin wannan labari yana bin manyan magina a ƙasashe da yawa, kuma abin da yake nunawa a fili shi ne matsayin da jama'a suka ba mutumin: sun ɗauke shi dukiyar da sarakuna za su yi kishi a kanta. Zuriyarsa ta ci gaba da zama a unguwar Babban Gwani, a gidansu kuma sarautar Sarkin Maginan Zazzau ta zauna.

BAYAN RASUWARSA

Abin da ya sauya sana'ar da ya bari ta hanyar dogo ya shigo. A 1911 jirgin ƙasa ya isa Kano, ya ratsa ta Zariya da Likoro da Gimi, ya tafi da gyaɗa da auduga, ya dawo da kwanon rufi da siminti. Kwano ba ya bukatar yaɓe kowace shekara, wannan kuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne ga magidanci. Sannu a hankali gidan bulo da kwano ya zama shaidar cewa mutum ya samu, gidan ƙasa ya zama alamar wanda aka bari a baya. Da kuɗin man fetur suka shigo abin ya zama kamar zazzaɓi, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Ikko wata da watanni suna jiran a sauke su.

Duk da haka akwai waɗanda suka san darajar abin da ake bari. A 1956 gidan Kafin Madaki ya shiga sahun farko na gine-ginen da hukuma ta ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa. Wani masanin gine-gine mutumin ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya tare da matasan da ya horar, suka zana masallacin Zariya ciki da waje. J. C. Moughtin ya yi nazarinsa a littafinsa kan ginin Hausa da ya fito a 1985, Hamman Tukur Sa'ad na Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya zauna da magina ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan sana'arsu a 1981. A shekarun 1970 aka yi wa masallacin babban aiki, aka gina sabon masallaci na siminti ya lulluɓe tsohon ɗakin sallar, ginin Babban Gwani ya koma ciki kamar ƙwaya a cikin ɓawo.

Yanzu kuwa magana ta juyo. Kafin a sami siminti sai an gasa dutse a zafin da ya kai wajen digiri 1,450, masana'antar siminti kuma ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, iskar da ke ɗumama yanayi. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin yana zama tanda da bazara, sai fanka, sai na'urar sanyaya ɗaki, in wuta ta ɗauke sai janareto da kuɗin mai. Ma'aikacin da ke biyan waɗannan daga albashinsa ya san lissafin. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta taɓo girman tagogi da yi musu inuwa da hana zafi ratsa rufi. A Jamhuriyar Nijar, masallacin ƙasa na garin Yama a jihar Tawa, wanda magini Bahaushe Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A 2022 Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya yi suna da makarantar tubalin ƙasa da ya gina a ƙauyensu Gando, ya karɓi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a wannan fanni.

Ba daidai ba ne a ɓoye aibin ginin ƙasa. Yana son a duba shi kowace shekara kafin damina, a toshe tsaga, a gyara indararo, a sabunta yaɓe. Gidan da aka yi wa sakaci damina biyu ko uku yana iya kashe masu shi. Kududdufin da aka bari bayan an haƙi ƙasa yana tara ruwa da sauro. Ƙananan tagogi suna hana zafi, suna kuma hana haske da iska. Shafa masa siminti a jiki kuma ba magani ba ne, domin siminti da ƙasa ba sa kama juna, ruwa yakan shiga tsakaninsu ya kasa fita, katanga ta riƙa ruɓewa a ɓoye. Waɗannan su ne abubuwan da masu bincike, irin na Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya da aka kafa a 1978, suke neman magancewa da tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa siminti kaɗan.

Amma babbar tambayar tana gona. Ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan ƙasashen noma ne na gaske, masara da rake da tumatir da barkono, fadamun da giginya ke so kuma su ne noman rake da na rani ke so. Ɗan giginya in ya tsiro ana tone shi a ci muruci. Ɗorawa da kaɗanya, waɗanda da manomi ba ya sa musu gatari domin ya san abin da suke ba gidansa, yanzu suna da farashi a kasuwar itace da gawayi. Rijiyoyin rini da yawa sun mutu, katsi ya tafi tare da su. Jami'in da ke son a koma gini da kayan gida, ko ɗalibin da ke zana irin wannan gida a takarda, sai ya fara tambayar ina azarar take, wa kuma zai ɗaure bakar. Jar ƙasa tana nan ba ta ƙare ba, sauran kayan ne da masu sanin haɗa su suke ƙaranci.

Ran Jumma'a 11 ga watan Agusta, 1445 ta Hijira tana sabuwa, shekarar 2023 ta Miladiyya, ana tsakiyar damina, wani sashe na masallacin ya rufta a kan masu sallar La'asar, aƙalla mutum bakwai suka rasu, waɗansu da dama suka ji rauni. Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin abin ya auku, ana shirin kiran injiniyoyi. A ranar, ginin ya kai wajen shekara 187 ana salla a cikinsa.

Awon da Dmochowski da yaransa suka yi ya fito a littafinsa mai juzu'i uku a 1990, shekara takwas bayan rasuwarsa. Da wannan awo ne kuma aka gina kwafin masallacin, daidai girmansa, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ya kafa a Jos, kusa da kwafin wani sashe na ganuwar Kano, da ƙasa da azara, da hannun magina Hausawa.